Maigidan da Bai Taɓa Ganin Fuskarka Ba

Ɗana, 'yata, a damunar da ta wuce wani yaron unguwarmu a nan Birniwa ya same ni a zaure bayan la'asar, kwamfutarsa a hammata, idanunsa sun yi ja. Wata takwas ya yi yana duba fassarar Hausa ga wani kamfani na Turai, daga ɗakinsa, ana biyansa da dala duk ƙarshen wata. Ranar wata Talata da asuba aka bugo cewa kawunsa ya rasu a ƙauye. Ya hau babur ya tafi, aka yi jana'iza kafin azahar, ya zauna karɓar gaisuwa har sadakar uku. Ƙauyen kuwa sai an hau tudu ake samun sabis. Da ya dawo ranar Juma'a ya tarar da saƙo bakwai daga matar da ke shugabantar aikinsu. Na farko tana tambayar ina aikin ranar Laraba. Na uku tana tambaya ko lafiya. Na bakwai layi biyu ne kacal: an ba wani aikin, an gode masa.

Ya ce, "Baba, wallahi ban yi musu laifin komai ba." Na ce, "Ka gaya mata an yi maka rasuwa?" Ya ce ai ya ga bai dace ba a gan shi yana danne-dannen waya a zaman makoki, kuma ya ɗauka in ya dawo ya yi bayani za su gane. Na ce masa ya zauna, na sa aka kawo masa ruwa.

Yaron nan ba malalaci ba ne, kuma abin da ya yi wa kawunsa shi ne daidai. Da a ce a sakatariyar ƙaramar hukuma yake aiki, ko a wata makaranta a Haɗeja, da kafin ya buɗe baki labari ya riga shi isa ofis, da shugabansa ma yana cikin masu zuwa ta'aziyya. Mu a nan gari ne ke yi wa mutum magana. Mun saba cewa labarin zuciya a tambayi fuska, kuma fuskar kowa a fili take. Ita kuwa waccan baiwar Allah ba ta da fuskar da za ta tambaya. Abin da ta sani game da shi duka rubutu ne a allon kwamfuta, rubutun kuma ya ɗauke kwana uku. A ƙasarsu gawa kan yi kwanaki, wani lokaci makonni, kafin a binne, mutum ya nemi hutu a tsanake. Ba ta san akwai inda ake rasuwa da asuba a binne kafin rana ta take tsaka ba. Shirun da shi ya ɗauka ladabi ne, ita ta karanta shi a matsayin mutum ya gudu da aiki.

Ba don na fi ku wayo nake wannan magana ba. Bayan na ajiye alli na yi shekaru ina fassara ga mutanen da har yau ban san tsayinsu ba, ta imel da farko, daga baya ta manhajojin da kuke amfani da su yanzu. Kusan duk ramin da zan nuna muku sai da na faɗa shi. Kuma ina ganin yawanku na ƙaruwa. Tun annobar korona ta 2020 kamfanoni suka gane ana iya aiki ba tare da an taru a gini ɗaya ba. Andela, wadda aka kafa a Legas a 2014, a 2020 ɗin ta rufe ofisoshinta ta koma aiki daga nesa ɗungurungum. A ƙarshen 2023 gwamnatin tarayya ta fara shirin 3MTT na horar da mutum miliyan 3 a fasahar zamani, hukumar NITDA da ke cikin aikin kuma ɗan Haɗeja ne, Kashifu Inuwa Abdullahi, aka naɗa ya shugabance ta a 2019. Yaranmu na fitowa daga kwalejin Binyaminu Usman da jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa hannunsu ya faɗa a kan kwamfuta. Sana'ar kuna koyo, har kun fi mu. Zama da maigidan da ba a gani shi ne ba na jin ana koyar da ku.

Abin mamaki, wannan gadonmu ne. Bahaushe ya daɗe yana yi wa wanda ba ya gani aiki. Fatake sun yi ta kai kaya Gwanja suna dawowa da goro, wata da watanni, dukiyar wani a hannunsu. Da layin dogo ya ratsa ta Malam Madori da nan Birniwa ya kai Nguru wajen 1930, masu awon gyaɗa a tasha suna saya ne da kuɗin kamfanonin da ba su taɓa ganin masu su ba. Wani bature mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabon Ibadan a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1969 a kan yadda Hausawa ke tafiyar da cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne yadda ake sayar da shanu bashi, mai su yana can Arewa, babu takardar kotu, kuɗi kuma su isa. Maigida ne ke tsaya wa baƙo, dillali ya san mahaucin da ke biya da wanda ke taurin bashi, labari kuma ba ya yankewa tsakanin Sabo da gida: an sayar da kaza, saura kaza, kasuwa ta faɗi, a dakata da turo kaya. Yaron da aka tura Kurmi ya yi shiru wata guda, ko bai ci ko kwabo ba, ba a sake tura shi. Amanarsu tana tafiya ne da aike. Ku kuma da saƙo ke isa cikin ƙiftawar ido, sai ga ku kuna rowarsa.

Mu fara da 'yar kalmar nan "to". A bakinmu tana da fuska goma. Akwai to ta na ji, akwai ta na yarda, akwai ta ban yarda ba amma kai babba ne, akwai wadda ake ja mata wutsiya wadda ke nufin Allah ya kyauta. Wanda ya tashi a cikinmu yana bambance su da kunne. In ka mayar da ita Turanci ka rubuta, duk fuskokin nan sai su zube, ta zama alkawari tsagwaronsa. An ce maka za ka iya gama shafi 40 zuwa jibi? Ka san ba za ka iya ba, amma bakinka ya yi nauyi ka ce wa na gaba da kai a'a, sai ka amsa. Jibi ta zo kana da shafi 25, kunya ta sake hana ka magana, ka yi ta fama cikin dare kana fatan a manta. Ba a mantawa. Wani yana can yana jiran naka kafin ya fara nasa, wani kuma yana jiran nasa. Da tun ranar farko ka ce 25 za ka iya zuwa jibi, sauran sai ranar Litinin, da babu wanda zai ga baƙinka. Mafi yawan waɗanda na yi wa aiki sun fi son a'a da wuri a kan i da za ta ruɓe a hannu.

Haka tambaya. An raine mu a kan cewa yaro mai tarbiyya ba ya yawan tambayar babba, yana kallo ne ya koya. A gaban maƙeri ko maɗinki wannan hanya tana aiki, domin hannun maigida yana gabanka. Daga nesa babu hannun da za ka kalla. Wani ɗan ƙasar Holan mai suna Geert Hofstede ya tattara amsoshin ma'aikatan kamfanin IBM sama da 100,000 a ƙasashe da dama tsakanin 1967 da 1973, ya fitar da sakamakon a 1980. Cikin abubuwan da ya auna akwai tazarar da mutane ke ganin ta dace tsakanin shugaba da na ƙasa da shi. Afirka ta Yamma ta fito cikin masu tazara mai faɗi, ƙasashe irin su Denmak da Ostiriya suka fito cikin masu 'yar kaɗan. Ban ɗauki aikinsa wahayi ba. Najeriya da Gana da Saliyo ya haɗa a buhu ɗaya, kuma na tabbata bai tambayi kowa a Birniwa ba. Amma abin da ya hango na gan shi da idona. Shugaban da ya taso inda tazarar ba ta da yawa, in ya gama bayani ya ce akwai tambaya, da gaske yake. In kowa ya yi magana kai ka yi shiru mako huɗu a jere, ba zai ce yaron nan akwai ladabi ba. Zai ce aikin bai dame ka ba. Matambayi ba ya ɓata, mu muka faɗa, sai dai mun fi tuna karin a bakin hanya fiye da a gaban maigida.

Yanzu ga inda abin ya fi yi mini ciwo a nawa lokacin. Na taɓa aika wata fassara da na kwana biyu a kanta, wani Bajamushe ya dawo mini da ita, ko sallama babu. Ya ce sakin layi na 2 da na 5 ba daidai ba ne, lambobin shafi sun rikice, in gyara kafin ƙarfe 4. Na karanta sau uku. Ni da na koyar da yara shekara da shekaru, yau wani da ban san ko ya kai ɗana ba yake yi mini magana kamar ya aiki bara. Na rubuta amsa mai zafi, Allah ya taimake ni wuta ta ɗauke kafin in tura. Washegari na gyara abin da ya ce, domin gaskiya ce ya faɗa. Bayan wata biyu shi ɗin ne ya ba wani kamfani sunana, ya ce musu bai taɓa aiki da mai fassara mai kula kamata ba. A wurinsa aiki daban, mutum daban. Ya soki sakin layi na 5, ni kuwa na ji kamar ya zagi gidanmu. In irin wannan saƙo ya zo maka, ɗana, ka tashi ka yi alwala, ka zaga bayan gida ka dawo, sannan ka sake karantawa kana neman abu ɗaya: me aka ce a gyara?

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne mai taushin baki. Mutumin Ingila zai ce maka aiki ya yi kyau ƙwarai, sai dai yana tunanin ko za ka so ka ɗan sake leƙa ƙarshensa in ka sami sarari. Kai sai ka ji an yabe ka, an kuma bar maka zaɓi. Babu zaɓin da aka bar maka. Ƙarshen nan bai yi ba, kuma ana jiran gyara. Ba'amurke kuma yakan jero yabo uku kafin ya saka abin da ya kawo shi a tsakiya, kalmomin yabonsa kuma ba su da tsada, kowa yana samu. Wannan bai kamata ya gagare mu ba, mu da muka iya zance a kaikaice. Bahaushen da ke gane habaici daga tari, ya kamata ya gane na baƙo in ya kasa kunne. Dabarar da ta fisshe ni ita ce in maimaita da kalmomina: na fahimci ana so in canza kaza da kaza, in kawo ranar kaza, haka ne? Layi ɗaya ne, amma ya sha hana ni kwanan banza.

Sai dai kada ku mayar da wannan tsubbu, a ce da an ji ƙasar mutum an san halinsa. Na yi aiki da Bajamushiya mai kawaici kamar 'yar Fulani, na yi da Ba'ingile mai baki kamar reza. Kuma a aikin yau shugabanka yana iya zama a Indiya ko Filifin ko Kenya, mutanen da sau da yawa su ma nauyin cewa a'a suke ji kamar mu, sai ku taru ku biyu kuna ta yi wa juna kara, aiki yana lalacewa a tsakani. Ƙasa tana ba ka zato na farko ne kawai. Mako biyu na lura da yadda mutum ke rubutu, da lokacin da yake amsawa, da abin da ke ɓata masa rai, sun fi littafi.

Batun suna da gaisuwa ba zan daɗe a kai ba. In mace sa'ar mahaifiyarka ta ce ka kira ta da sunanta tsirara, ka kira ta, ko da harshenka zai yi kwana biyu yana tuntuɓe. Ranka ya daɗe da aka fassara zuwa Turanci a kowane layi yana sa su tsarguwa, wasu ma su ɗauka ba'a ce. Gaisuwa kuma kada ka yar da ita, ka dai rage mata tsawo, ka haɗa ta da abin da ya kawo ka a saƙo ɗaya. Na san masu aika "barka da asuba" su zauna jiran amsa kafin su faɗi buƙata, kamar mai sallama a ƙofar gida. Wanda ka gaisar yana iya kasancewa yana barci; in ya tashi ya amsa kai kuma ka fita, yini ya tafi a gaisuwa.

Wasu yara sun tambaye ni ko su daina rubuta in sha Allahu, wai an ce musu Turawa na ɗaukarta a matsayin hanyar zillewa. Na ce kada su daina. Abin da ya ɓata mata suna shi ne masu faɗinta ba tare da rana ba. Ka ce ranar Alhamis ƙarfe 12 agogon Landan, in sha Allahu, sannan ranar Alhamis ƙarfe 11 aiki ya isa. In ka yi haka sau biyar, za ka ji wata rana shi ma ya rubuto maka ita. "An jima" da "ina zuwa" da "bayan la'asar" kuwa ka bar su a gida, domin la'asar ɗinka ba tasa ba ce.

Agogon ma sai an yi hattara da shi. Namu ba ya motsi duk shekara, nasu yana yi. Da sanyi Landan tana bayanmu da awa 1, da bazararsu mu yi daidai. Jamus da sanyi daidai take da mu, da bazara ta wuce mu da awa 1. New York tana bayanmu da awa 6 ko 5, Kalifoniya da 9 ko 8, Indiya kuma tana gabanmu da awa 4 da rabi kullum. Amurka tana tura agogonta gaba a Lahadi ta biyu ta watan Maris, Turai sai Lahadin ƙarshe ta watan, saboda haka a watan Maris na kowace shekara taron da ka saba shiga zai gusa ba tare da kowa ya gaya maka ba. Ni na taɓa shiga taro ana sallama. Kuma ka lura, ƙarfe 9 na safe a Kalifoniya ƙarfe 6 na yamma ne a nan lokacin sanyi, dab da magariba, in azumi ne dab da buɗa baki.

Wannan ya kawo mu ga addini, inda na ga yara suna yin ɗaya daga cikin kuskure biyu. Wani ya ɓoye, ya zauna a taro ana kiran sallar Juma'a zuciyarsa na ƙuna, har ya tsani aikin. Wani kuma ya ɓace ba bayani, ya ce ai sun san shi Musulmi ne. Ba su san ƙarfe nawa ake Juma'a a Birniwa ba. Ka faɗa tun makon farko, a rubuce: kowace Juma'a daga ƙarfe kaza zuwa kaza ba na nan, zan cike gurbin da safe. Kafin azumi da mako biyu ka ce ga lokutan da ƙarfinka ya fi, ga lokacin shan ruwa. Sallah kuma ka bayyana musu cewa ranarta tana rataye da ganin wata da sanarwar Sarkin Musulmi, don haka kwana biyu kake roƙo a riƙe maka, ɗaya zai tabbata. Ban taɓa ganin wanda ya faɗa da wuri aka hana shi ba. Su ma suna da nasu: Turai takan yi tsit a watan Agusta da ƙarshen Disamba, Saudiyya Juma'a da Asabar take hutu, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta koma Asabar da Lahadi tun farkon 2022. Ka tambayi ranakunsu kamar yadda kake so a san naka.

Wuta da sabis kuwa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mun ga ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka tsaya. Mun ga Oktoban shekarar, da yawancin Arewa ta yi fiye da mako babu lantarki. Mun ga ambaliyar 2022 da ta yanke hanyoyi a ƙasar Haɗeja. Waɗannan ba laifinka ba ne, kuma wanda aka gaya wa yakan yi uzuri. Amma uzurin da ya zo bayan lokaci ya wuce kamanninsa ɗaya da ƙarya. Albashinka na farko, kafin sabuwar waya, ka sayi faifan sola da batir, ka riƙe layi biyu na kamfani daban-daban, ka san gidan da za ka je a Haɗeja ko Nguru in nan ta ƙi. Ka kuma ba shugabanka wata hanya ta biyu da zai same ka, kai ma ka karɓi tasa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

'Yata, ke naki ya fi nauyi, na sani. Iyayenmu mata sun daɗe suna sana'a daga cikin gida, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da saƙa suna fita kasuwa su ba su fita ba, don haka kada wani ya ce miki abin da kike yi baƙo ne. Bambancin shi ne mai suyar ƙuli kowa yana ganin hayaƙinta, ke kuwa ana ganinki zaune kina kallon allo, sai a miƙo miki yaro, a ce ki duba tukunya tunda ba abin da kike yi. Ki zaunar da mutanen gida, mahaifiya ce ko maigida, ki nuna musu aikin da idonsu, ki gaya musu awannin da ƙofa za ta kasance a rufe, ki kuma bari su ga amfaninsa a cefane. In ba kya son buɗe kyamara, ki faɗa sau ɗaya a fili ba tare da kame-kame ba, amma sai muryarki da rubutunki su yi aikin da fuska za ta yi. Kai ma ɗana, unguwa za ta ce zaman kashe wando kake, wasu su ce ɗan yahu ne. Ka kai wa mahaifinka takardar kwangilar ya gani, in bai iya karantawa ba ka karanta masa.

Akwai wani bincike da nake so ku riƙe. Wani malamin jami'ar Stanford, Nicholas Bloom, da abokan aikinsa sun gwada ma'aikatan amsa waya na kamfanin tafiye-tafiye na Ctrip a Shanghai na tsawon wata 9, wasu a gida wasu a ofis, aka buga sakamakon a 2015. Na gida sun fi ƙoƙari da kashi 13 cikin 100, masu ajiye aiki a cikinsu kuma sun ragu da rabi. Duk da haka ƙarin girma ya fi zuwa wa na ofis, kuma da aka ba su zaɓi kusan rabin na gidan suka ce a mayar da su, kaɗaici ya ishe su. Waɗannan 'yan gari ɗaya ne da shugabanninsu, harshensu ɗaya. To ina ga kai da ke Birniwa? Mu an koya mana cewa mutum ba ya yabon kansa, kuma gaskiya ne. Amma rubuta layi huɗu kowace Alhamis, ga abin da na gama, ga inda na tsaya, ga abin da ya tare ni, ga na mako mai zuwa, ba yabon kai ba ne, irin aiken nan ne na yaron Sabo zuwa ga maigidansa. In an buɗe taro ana ɗan taɓa hira kafin a fara, ka sa baki. Ka ce yau hazo ya rufe gari, ka ce ana girbin riɗi, ka tambayi yaron abokin aikinka da aka ce ba shi da lafiya. Zumunta a ƙafa take, to in ƙafa ba za ta kai ba sai a aika. Kaɗaicin kuma kada ka raina shi. Mai aiki da agogon Amurka yana iya wata uku bai zauna a majalisa ba, bai je ɗaurin aure ba, yana barci da rana kamar jemage. Kuɗi na shigowa, mutum na ƙanƙancewa. Ka ware wa gari lokacinsa kamar yadda ka ware wa kamfani.

Abu ɗaya ne zan faɗa da murya mai ɗan kauri. Na ji ana sayen asusun aiki na wani ɗan ƙasar waje, a ɓoye inda ake da manhaja, a ce ana Amurka alhali ana bayan tashar Birniwa. Na ji ana karɓar aiki a miƙa wa ƙane ya yi da sunan wa. Na san abin da ke kai ku, wasu kamfanonin suna rufe wa Najeriya ƙofa tun kafin su ji ta bakinku, kuma akwai zafi. Amma mai sunan aro ba ya iya tambaya, ba ya iya buɗe baki a taro, ba ya iya neman haƙƙinsa ranar da aka riƙe masa kuɗi, kuma shekara biyu da ya yi yana wahala ba za ta shiga takardarsa ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, in ya rufta kuma har da na bayanka yake binnewa. Wanda kuma ya ce ka biya kafin a ɗauke ka aiki, wannan kai ne kasuwarsa.

Kada kuma ku ji duk wannan ku zaci ina cewa ku zama bayi. Sa zuciya a aiki hanya biyu ce. Faransa ta fara aiki da doka tun 1 ga Janairun 2017 da ta tilasta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su tsara yadda ma'aikaci zai kashe waya bayan an tashi. Wanda ke kare wa kansa wannan haƙƙi a ƙasarsa ya san kai ma mutum ne. Yaranmu kan ji tsoron in ba su amsa saƙon ƙarfe 2 na dare ba za a kore su, sai su saba wa mutane da abin da ba za su iya ɗorewa a kai ba. Ka faɗi awanninka, ka cika su, ka rufe kwamfuta. In ka ga wurin da kuɗi ke makara wata bayan wata, ana canza sharaɗi ba shawara, ka yi magana sau biyu a rubuce, in ba a gyara ba ka ba da sanarwa, ka miƙa aikin hannunka cikakke, ka yi sallama. Duniyar aikin nan ƙarama ce, shugabar da ka bari yau gobe tana wani kamfanin.

Yaron da na fara ba ku labarinsa, ranar nan ban bar shi ya tafi ba sai da muka rubuta wa matar wasiƙa. Ba mu roƙi a mayar da shi ba. Ya ce kawunsa ya rasu, ya bayyana yadda ake jana'iza a nan, ya ce kuskurensa ne da bai aiko da layi ɗaya kafin ya hau babur ba, ya haɗa da aikin ranar Laraba da ya ƙarasa a daren. Aikin bai dawo ba, an riga an ba wani. Bayan wata uku ita ce ta neme shi a wata sabuwar kwangila. Da kaka aka sake yi musu rasuwa, wata gwaggonsa. Wannan karon yana tsaye a ƙofar gida, mai babur yana jira, ya rubuta mata cewa an yi masa rasuwa, za a binne yau, ba sabis a ƙauyen, zai dawo ranar Asabar, fayil ɗin da ya gama yana wuri kaza. Kafin su fita gari amsa ta shigo. Ta ce ya tafi, kada ya damu da komai, sannan ta tambaye shi me ake ce wa wanda aka yi wa rasuwa da Hausa. Ya rubuta mata. Ranar Asabar da ya hau tudu sabis ya kama, saƙon farko da ya shigo nata ne: "Allah ya jiƙan ta." Har ƙugiyar ƙ ɗin ba ta manta ba.